Mai Gadin Delbert

Duk wanda ya daɗe yana hawa bas a garin Flint ya san Hosea Tarver, dogon direban nan wanda kansa ke gogar rufin mota, mai yatsu a karkace kamar citta. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, kafin tuƙi ƙwallon kwando ce sana'arsa. Ba irin ta talabijin ba, ta ƙananan ƙungiyoyin nan da ke yawo gari-gari a tsohuwar mota, a buga wasa yau, gobe a manta da sunanka.

Hosea bai iya jefa ƙwallo ba, kuma bai taɓa yin musu a kan haka ba. Aikinsa tsaro. Koci zai nuna masa wanda ya fi iya ci a cikin abokan karawa ya ce, "Ga naka." To wannan bawan Allah ya shiga uku. A zamaninsu hannu ake ɗora wa mutum a ƙugu, a bi shi duk inda ya juya, wanda kuwa ya ce sai ya kutsa ƙarƙashin kwando, to ya shirya shan ƙasa. In ka kayar da mutum ba ka miƙa masa hannu, tsallake shi kake ka wuce. Su a wurinsu girmamawa ce, wai namiji ai ya iya tashi da kansa.

Wanda aka fi ba shi gadi shi ne Delbert Mims na garin Saginaw, siriri, ga santsi ga baƙin surutu. Delbert ne ya cire masa haƙorin gaba da gwiwar hannu, shi kuma ya karya wa Delbert hanci. Bayan sun bar wasa suka tsinci kansu a coci ɗaya, benci ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya matsa. Matansu suka ƙulla zumunci, su kuma suka ci gaba da faɗansu. Duk Lahadi suna gidan Delbert, ga soyayyen kifi ga gurasar masara, suna kallon wasan 'yan zamani suna tsaki.

"Dubi wannan! An hura masa iska ya faɗi, har da busa usur."

"Da a yau kake wasa, Hosea, kafin a gama taken ƙasa an kore ka."

"Kai kuwa da ka tsufa da hancinka a miƙe."

Matan suka rasu ɗaya bayan ɗaya, gidajen suka yi musu girma. Sai kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Delbert. Ya dawo daga asibiti yana jan ƙafar hagu, bakin nan mai surutu ya karkace. 'Yarsa Renita, wadda ke aiki can Columbus, ta zo ta faɗi magana ɗaya: in har zai faɗi ya kasa tashi da kansa, ba za ta bar shi shi kaɗai a gidan ba, gidan kula da tsofaffi zai koma. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Delbert kuwa ya ce a gidan nan matarsa ta cika, shi ma a nan zai jira nasa.

Hosea ya riƙa zuwa kowace safiya yana sa shi motsa jiki, da zagi da gori, don ba shi da wata hanyar nuna ƙauna. Wata Asabar Renita tana nan, Delbert ya miƙa hannu zai ɗauko butar kofi, ƙafar ta ci amanarsa. Ya zube a tsakar kicin.

Renita ta taso a guje. Sai ta ji ta yi karo da hannun Hosea, ya tare ƙofa kamar an gitta katako.

"Bar shi."

"Kawu Hosea, ka matsa! Ubana ne a ƙasa!"

"Na kayar da shi fiye da haka, ya tashi." Ya juya. "Kai, Mims! Barci kake? Tashi, ana kallonka."

Delbert ya dafa ƙasa da hannun da ke aiki, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, ya sake komawa. Daga nan ya daina. Ya kwantar da kumatunsa a ƙasa, hawaye na gangarowa ta gefen karyayyen hancin. Hosea ya daɗe da sanin fuskar nan, a gaji, a fusace, a cikin jini, amma bai taɓa ganinta ta sallama ba. Abin ya karya masa zuciya.

Ɗaga shi ba zai yiwu ba, gwiwoyin Hosea sun daɗe da ƙarewa. Sai ya kama gefen teburi, ya sauka a hankali, ƙasusuwa na ƙara, har ya zauna daɓas. Ya tallabo Delbert ya zaunar, sannan ya juya ya jingina bayansa da nasa.

"Ture ni."

"Ba zan iya ba, Hosea."

"Ƙarya kake. Duk ƙuruciyata da bayan nan ka ture ni daga ƙarƙashin kwando. Kafa ƙafar dama, ka ture ni."

Delbert ya kafa ƙafa. Suka tokare juna, wannan na nishi wancan na zagi, kujera ta kife, har tsofaffin nan biyu suka miƙe tsaye suna haki, kowa ya riƙe abin da ke kusa da shi.

"Ka ƙara nauyi," in ji Delbert.

Renita ta share fuska da bayan hannu. Amma ba ta janye ba. "Baba, na gani. Amma ba da kanka ka tashi ba. Da ba ya nan fa?"

Delbert ya sunkuyar da kai, don ya san gaskiya ta faɗa. Hosea ya dubi ƙofar ɗakin baya, inda keken ɗinkin marigayiya matar Delbert yake har yanzu a rufe da zane.

"Gadon ɗakin can zai ɗauke ni?"

"Kawu, kai ma fa kana da gidanka."

"Ginin dai yana nan. Ki koma aikinki, 'yata. Tun muna samari aka ba ni gadin mutumin nan, ban kuwa ji wanda ya ce in bar shi ba."

Gadon bai ɗauke shi ba, ƙafafunsa a waje suke kwana. Bai taɓa ƙorafi ba.