Awon Ram da Tsinken Tsintsiya

Shekarar da gero ya yi tsada har muka koma tuwo sau ɗaya a yini, babban ɗana yana koyarwa a Kajiji. Albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya ajiye a zaurenmu na Shagari, yana buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa. Da wannan aikin muke ci, mu da iyalinsa.

Jarrabawa na matsowa kwamfutar ta fara nauyi. In ya buɗe shafi sai ta toge kamar jaki a bakin gulbi. Wani hedimasta ya aiko cewa in aikinsa bai fito ba zai kwashe ya kai Sakkwato, kuma mun san sauran za su bi sahu. Ɗana ya kasa zama wuri ɗaya. Ni ma in na ɗauki tankaɗe sai in ajiye, in leƙa zaure.

Ya ce ram ne ya yi mata kaɗan. Ya kwance murfin ya nuna mini wani siririn abu kore mai haƙora ruwan zinare, a tsaye cikin rami jikin faffaɗan allon da suke kira madabod. Kusa da shi akwai wani ramin ba komai, inda za a ƙara sabo in an sayo. Shi ba ya iya barin makaranta, ni kuwa ina da zuwa asibiti Sakkwato. Ba dama in tafi da tsohon, don in babu shi kwamfutar ba ta ko tashi. Sai na yi yadda muke yi in za a sayo wa yara takalmi: na karya tsinken tsintsiya daidai tsawonsa, na ƙulle a bakin zane. Ya yi dariya, ya ce hakan ma ya yi.

A Sakkwato, mai shagon kayan kwamfuta ya ce gajerun ram na laftof ne. Ya miƙo dogo, tsinke ya zauna cif.

Da la'asar ɗana ya sa shi a ramin, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya shiga dannawa har allon ya fara lanƙwasa.

"Bari, ɗan nan," na ce. "Kak ka karya muna abin da muka ci da shi."

Ya ciro tsohon muka jera su a tabarma. Tsawo ɗaya, amma kowanne da giɓi tsakanin haƙoransa, kuma ba wuri ɗaya giɓin ya faɗo ba. Cikin ramin akwai ɗan tudu da giɓin ke hawa. Ya nuna mini rubutun jikinsu, na haɗa baƙaƙen da bokon yaƙi da jahilci da na yi tun Jamhuriya ta Biyu: sabon DDR3, namu DDR2.

Washegari na koma, wannan karon da ɗigon gawayi a tsinken, daidai wurin giɓi. Mota ta tsaya Bodinga jiran fasinja, na yi ta kallon rana tana hawa.

"Inna, wanga ai ya tsuhwa, ba a kawo shi yanzu," in ji mai shagon. Na ce zan jira. Ya zazzage kwalin tsofaffin kaya, yana ɗauka yana jefarwa, har ya samo ɗaya duk ƙura.

Da na iso gida, hedimastan ya riga ya zo ya kwashe takardunsa. Ɗana ya karɓi abin da na sayo. Ya goge haƙoran ram ɗin da gefen riga, ya dasa, maƙallai biyu na gefen ramin suka kama da kansu. Ya kunna, kwamfutar ta tashi ba nauyi. Takardun sauran makarantun na nan jibge a kan benci. Ya jawo na sama ya fara bugawa.