Idon Aro a Wasan Waje

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a titin da ya bi ta bayan tsohon filin ƙwallo ya san Mai Faci. Rumfarsa ta kwano ce, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake nutsa tif ya zuba ido yana jiran kumfa. Aikinsa ba shi da makusa, sai dai Allah ya zuba masa fargaba. In ya yi maka faci ka tafi, zai bi motarka da kallo har ta sha kwana, wai ko iska za ta sake zurarewa. In 'yarsa ta yi atishawa, ya fara tambayar wane likita ke aiki yau. Matarsa kan ce da ana sayen damuwa a kasuwa, da tuni sun gina bene.

Abu ɗaya ke raba shi da rumfar nan da rana tsaka, wato ranar da ƙungiyar garinsu ke wasa. Wannan ciwo kuwa yayansa ne ya sa masa. Yaya direban babbar mota ne a da, kuma shi ya fara saɓa Mai Faci a wuya ya shiga da shi tsohon filin, tun bai san bambancin bugun kwana da jifar ƙwallo ba. Filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Bencina ne na katako masu cin wando, da rumfar kwano a gefe guda wadda 'yan kallo ke duka da tafin hannu in an kai hari. Mutane kuwa dab da layi suke, har mai tuta yana jin hucin masu zaginsa a ƙeyarsa. Amma in ka shiga, jikinka ma zai gaya maka ka shiga wuri.

Da ciwon sukari ya tafi da idanun Yaya, kowa ya ɗauka shi da ƙwallo sai dai labari. Mai Faci bai yarda ba. Ya ci gaba da riƙe hannunsa zuwa filin, ya zauna a hagunsa, baki kusa da kunne, yana faɗa masa wa ke da ƙwallo, wa ya faɗi, wa ya tafka wauta. A gaskiya rabin aikin jama'a ke yi masa, don Yaya ya san ƙarar kwanon nan kamar yadda ya san kukan injin motarsa. In Mai Faci ya ɗan ƙara gishiri ya ce saura ƙiris ta shiga, sai Yaya ya kwashe da dariya.

"Ƙarya kake yi, ƙanena. Da saura ƙiris ne, da na ji kwano ya amsa."

Yaya yana da ɗa ɗan ƙwallo mai tsaron baya, wanda abokansa suka laƙaba wa Katanga. Ƙungiyar garin ta ɗauke shi, amma ya daɗe yana ɗumama benci, har 'yan unguwa suka fara cewa katangar ta jingina ce. Kwatsam ɗan bayan da ake ji da shi ya ji rauni, koci ya ce Katanga zai fara wasan da za a je yi a waje. Yaya na jin haka ya ce ko a kan jaki ne sai ya je.

Nan hankalin Mai Faci ya tashi. Bayan sukari, Yaya yana fama da hawan jini, kuma likita ya ja musu kunne kan duk abin da zai tayar masa da hankali. Ranar tafiya matar Yaya ta tare Mai Faci a ƙofar ɗaki, ta danƙa masa ƙwayoyin magani a ƙulle cikin leda.

"Ka san abin da likita ya ce," in ji ta a hankali. "Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo min da shi. Amana ce."

Da ba ta faɗa ba ma ya isa, don mutumin da ke bin taya da kallo ba ya bukatar a tuna masa. Duk tsawon hanya a motar magoya baya, ana kiɗa ana waƙa, shi hannunsa na cikin aljihu yana shafa ledar magani.

Sabon filin da suka je can bayan gari aka gina shi, a tsakiyar fili fetal, babu gida babu shago, ko mai sayar da lemo babu. Daga nesa ya yi kyau kamar hoton kalanda. A ƙofa masu gadi suka karɓe gangar magoya baya, wai doka ta hana, suka sa aka bi ta wani ƙarfe mai juyawa ɗaya bayan ɗaya. Mai Faci ya sha wahala kafin ya shigar da Yaya da sandarsa. Sannan aka kora su can ƙuryar sama, inda ake ajiye baƙi. Kujerun roba ne jere-jere masu launi, rana ta fara cinye su, galibi ba kowa a kai. Mutanen garin ma 'yan tsiraru ne suka zo, kowa ya zauna nesa da ɗan'uwansa kamar masu jiran likita. Tsakanin 'yan kallo da ciyawa kuma ga titin masu tsere, faffaɗa, ya ƙara nesanta komai.

Sun zauna, sun ɗan jima, sai Yaya ya juyo.

"Wai ba za mu shiga ba ne?"

"Ai muna ciki, Yaya."

Yaya ya shaƙi iska, ya karkata kai yana saurare. Ba ƙura, ba warin gumi, ba mai gardama kan jerin 'yan wasa. Lasifika ce kawai ke kwarara waƙa, da aka hura usur kuma aka kashe ta, wurin ya yi tsit.

"To, Allah ya kyauta," in ji shi. "Wannan ai ɗakin ajiye kujeru ne."

Wasan kansa abin takaici ne. Ƙwallo ta fi daɗewa a sama fiye da ƙasa, kowa ya samu sai ya narka ta gaba kamar tana ƙona masa ƙafa. Amma ba wannan ya dami Mai Faci ba. Katanga ne. Yaron da ke tare manya a filin unguwa yau ƙafafunsa sun zama na aro. Ƙwallon farko da ta zo masa ta bi ta ƙarƙashin takalminsa ta wuce, sai da wani ya biyo ya share.

"Me ya faru?" in ji Yaya.

Mai Faci ya buɗe baki, sai ya lura da wani abu. Ba wanda ya yi ihu, ba kwanon da ya amsa. A wannan filin babu jama'ar da za ta ƙaryata shi. Ya dubi jijiyar da ke harbawa a gefen goshin Yaya, ya tuna muryar matarsa a ƙofar ɗaki.

"Katanga ne ya tare," ya ce. "Ya share ta tas."

Yaya ya gyaɗa kai, ya yi murmushi. Murmushin nan ya soki Mai Faci, amma ya riga ya taka hanya. Da sauran magoya baya suka fara tsaki suna ambaton yaron, sai ya ce rana ta yi yawa a nan, ya ja Yaya suka koma can gefe su kaɗai. Kujeru dai ba su yi ƙaranci ba. Daga nan Katanga na bakin Mai Faci ya zama gwarzo, yana tashi sama yana sa kai, yana ƙwace ƙwallo cikin ladabi. Katanga na cikin fili kuwa sai zamewa yake yi, yana ba abokan gaba ƙwallo a ƙafa, koci na bakin layi yana ta ɗaga masa murya.

Can ɗan gaban masu gida ya zo ya yi masa wata 'yar lanƙwasa, Katanga ya zauna daɓas, ƙwallo ta kwanta a raga. Lasifika ta fashe da waƙar murna, ta yi ɗan lokaci, aka sake kashe ta.

"An ci mu," in ji Yaya. "Ta wajen wa?"

"Mai tsaron gida ne ya fito ba lokaci ba."

Yaya ya karkata kai wajen fili yana saurare. Mai Faci ya dube shi. Yana tsoron gaskiya ta kayar da Yaya a wannan ƙuryar da ko motar asibiti ba ya hangowa, yana kuma tsoron shirun nan da Yaya ya yi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, ya kwance leda ya ba Yaya magani da ruwa. Yaya ya haɗiye, ya miƙo gorar, amma da Mai Faci ya kama, bai sake ta ba.

"Ƙanena, ka san amfanin filin da ba mutane?"

"A'a, Yaya."

"Ana jin komai. Tun da aka fara nake jin kocin nan yana kiran Katanga, da irin muryar da ake korar akuya daga lambu. Wanda ke wasa da kyau ba a kiran sunansa haka. Da aka ci mu kuma, ban ji ya kira mai tsaron gida ba."

 Ramin ƙarya ƙurarre ne, Mai Faci ya sani, amma bai zaci nasa bai kai ko taku ɗaya ba.

"Likita ne ya ce..." ya fara.

"Likita ya ce kada hankalina ya tashi. To ga shi ya tashi." Yaya ya yi maganar ba faɗa, kuma hakan ya fi ciwo. "Ran da idanuna suka tafi ban yi kuka ba, don na san ina da kai. A gida in ka ƙara gishiri, jama'a na gyara min. Nan ba ni da kowa sai bakinka. In kai ma ka rufe, to yau ne na makance. Ɗana na zo gani, ba ɗan da ka ƙera min ba."

Mai Faci ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, tsoron kuma bai tafi ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Da aka dawo, ya kama wuyan hannun Yaya ya ɗora yatsunsa a kan jijiya, kamar yadda yake laluben huji a jikin tif, sannan ya fara faɗar abin da ke gabansa.

Bai taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. "Ya sake ba su, Yaya." "Sun wuce shi ta hagu." "Ya ja rigar mutum, an ba shi katin gargaɗi." Kowace magana sai ya ji jijiyar ta ƙara gudu a ƙarƙashin yatsunsa, ya saci kallon fuskar Yaya yana jiran ya ga baki ya karkace. Sau ɗaya tak Katanga ya tashi ya sa kai ya fitar da wani bugun kwana mai haɗari.

"Wannan ya cire ta da kyau," in ji Mai Faci.

Yaya ya juyo wajensa. "Da gaske?"

Tambayar ta yi wa Mai Faci zafi fiye da duk abin da aka faɗa masa a ranar, don bai taɓa jin ta daga bakin Yaya ba.

"Da gaske, Yaya."

Ba a jima ba aka ƙara musu ta biyu, sannan Mai Faci ya hango an ɗaga allon canji a bakin layi. Ya karanta lambar, ya sake karantawa, yana fatan idonsa ne.

"Sun cire shi," ya ce.

"Ina yake?"

"Alƙali ya ce ya fita ta wannan gefen. Yana tahowa a kan titin tsere, ta ƙasanmu. Kansa a ƙasa."

"Tashe ni. Juya ni wajensa."

"Yaya, jininka..."

"Tashe ni, na ce."

Ya tashe shi, ya kama kafaɗunsa ya saita shi. Yaya ya jingine sanda, ya fara tafi shi kaɗai. A tsohon fili da ba wanda zai ji, amma a nan tafin ya bi kujerun da ba kowa ya sauka har ƙasa. Sannan ya ɗaga tsohuwar muryarsa ta direba.

"Katanga! Babanka ne! Na gan ka, ka ji? Duk na gani. Ɗaga kanka!"

'Yan tsirarun mutanen da ke wurin suka waiwayo. Mai Faci na riƙe da shi. Yaya ya tsaya yana haki.

"Ya ɗago?"

Mai Faci ya duba da kyau kafin ya amsa, don ya san abin da ke rataye a kan amsar.

"Ya tsaya. Ya ɗago ya dube mu. Amma bai ɗaga hannu ba, Yaya. Ya ja riga ya rufe fuska, ina jin kuka yake yi."

Yaya ya lalubi kujera ya zauna a hankali. Ya miƙo wuyan hannunsa da kansa, ya ɗora a cinyar ƙanensa don ya ci gaba da riƙewa.

"To," in ji shi. "Yanzu na ga ɗana. Ci gaba, wa ke da ƙwallo?"