Waƙar Tulun Kabeji

Kuang Derun masassaƙin allunan buga littattafai ne a garinmu, Jianyang. Shekara arba'in ya yi yana sassaƙa waƙoƙin mazan jiya a jikin katako, har ya haddace su kamar sunayen 'ya'yansa. Ni kuwa malamin makaranta ne. Sau uku ina faɗuwa jarrabawar shiga aikin hukuma, amma a unguwarmu ni ne mai ido ɗaya a garin makafi.

Shi ma yana ɗan taɓa waƙa. Duk bazara sai ya zo gidana da takarda a hannun riga, da ƙullin ganyen shayi.

"Malam Shen, a duba min wannan."

In karanta, in ce, "Tsoho Kuang, wannan farin watan da ka sa a baitinka ai da mai shi, ya shekara ɗari uku a kabari. Kwalekwalen nan ma aro ne. Naka a nan tawada ce kawai."

Sai ya yi dariya yana sosa ƙeya. "To yaya zan yi? Da na tsoma burushi a tawada sai mazan jiyan nan su riga ni magana. Baƙi ne, sun sauka a kaina sun ƙi tafiya."

Shekarar da matarsa ta rasu bai zo ba sai da kaka, duk ya rame, ko shayin bai riƙo ba. Baiti huɗu ne kacal a takardar. Zancen tulun kabejin da ta jiƙa da gishiri ne kafin ta kwanta ciwo, da yadda yake tsakura kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare, har ranar da sandunan cin abincinsa suka taɓo gindin tulun.

Na nemi muryar wani magabaci a ciki, ban samu ba. A wurinmu kuwa baitin da bai jingina da na magabata ba, ɗa ne da ba a san ubansa ba. Ga abokaina biyu a zaune, sun zuba min ido.

Na ce, "Tsoho, waƙa ce wannan ko kayan miya? Wa ka taɓa ji ya sa kabeji a baiti?"

Suka bushe da dariya. Shi dai ya naɗe takardarsa, ya rusuna.

"Gaskiyarka, Malam. Ni ma na ga ba ta yi kama da ta kowa ba."

Ya koma kan allunansa yana sassaƙa maganar wasu har idonsa ya mutu. Bayan rasuwarsa na je wurin 'yarsa neman takardar. Ta ce tun ranar bai sake rubuta waƙa ba, takardar kuma ya liƙe taga da ita a wani hunturu, daga baya ruwan sama ya wanke tawadar.

Baiti ukun farko suna kaina har gobe. Na huɗun ne ban riƙe ba, domin lokacin da idona ya kai kansa, hankalina yana kan abin da zan faɗa a yi dariya.