Mai Tsince Tsakuwa a Filin Kokawa

Gobe 'yan kokawar Yawuri za su sauka Zuru, shi ya sa tun da hantsi wani dattijo yake zagaya filin bayan kasuwa ba takalmi. Yana jan tafin ƙafarsa a ƙasa sannu a hankali. In ya ji tsakuwa ko ƙaya sai ya duƙa ya tsince, ya jefa cikin wata koɗaɗɗiyar hular soja. Gajere ne, wuya kamar turmi, kunnensa na hagu a murɗe irin na wanda ya daɗe yana shan kamu.

Ban san sunansa ba. Hular ce ta sa nake zaton yana cikin waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama shekara goma da suka wuce. Wataƙila a can ya taɓa ka da wani sojan ƙasar Gwalkwas a kokawa, ba wanda ya tambayi garinsu, aka ce Najeriya ta yi kaye.

Wata mai kunu ta ce masa, "Baba, rana ta yi zafi. Ai baƙi ne za su sha ƙasa, bar musu tsakuwarsu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan Yawuri zai koma gida da ƙura a baya, 'yata, wannan ba fashi. Amma ba da jini ba. Baɗi mu ne baƙi a filinsu."

Ya juye hular a gindin tsamiya, ya koma inda ya tsaya.