Ƙugiyar da Na Bari a Madawa

Gab da shekara ta dubu biyu ni ne mai buga takardu a wani ɗan ofis a Madawa, kuma wallahi a lokacin kaina ya fi hulata girma. Ordinata, wato kwamfuta, guda ce a wurin, ni kaɗai na iya tada ta. Mutane kan leƙo ta taga su ga ina danne-danne, ni kuwa in ƙara ɗaure fuska, ko sallama ba na amsawa da kyau.

Wata ranar kasuwa sai ga wata dattijuwa daga wani ƙauye na wajen Keita. Ita ce shugabar matan da ke jera duwatsu a kan fako suna dasa itatuwa, har ƙasar da ta mutu ta koma ba da gero. Sunan ƙungiyarsu Ƙaruwa, don in ji ta, tun da suka haɗa kai komai nasu ƙaruwa yake yi. Wasu baƙi da suka ziyarce su sun ce masu in suna da shafi a Intanet, mutanen nesa za su ga aikinsu. Mai gidana ya nuna ni ya ce ga gwani nan.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta sake aure ba. Ita da bakinta ta gaya mani dangin mijin sun sa mata ido, wai mace ba miji tana yawon taro Tawa da Madawa, ana kwana biyu ba a gan ta ba. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo hotonta, ta miƙo mani da hannu biyu.

"Ɗana, ka yi muna abin mutunci. In sun ga duniya ta san aikinmu, sai su sarara mani."

"Inna, ki kwantar da hankalinki," na ce. Ni da sau biyu kacal na taɓa ganin Intanet ɗin, a Yamai.

Sai batun da me zan gina shafin. Lojisiyal biyu ne a gabana, wato kayan aikin da ake sa wa ordinata. Ɗaya wani abokina ya aiko mani daga Yamai a kan faifai: ka jawo hoto ka ajiye inda kake so, ka zaɓi launi, ka sa rubutu ya riƙa ƙiftawa. Ɗayan kuwa fili ne fari fat, komai da hannu ake rubuta shi da wasu alamomi, sai ka gama kake ganin abin da ka yi. Da shi wani mutum ke aiki a asibitin mishan da ke kan hanyar Ƙonni, Kirista ne, ya girme ni, shi ke gyara masu injuna. Na hau babur na tafi wurinsa, ba don neman shawara ba, don dai ya ga faifaina.

Ya juya faifan a hannu ya ce, "Da Hausa za ka rubuta?"

"Hausa da Faransanci, Malam."

"To ƙugiyar fa? Ƙa da ɗa da ɓa, yaya za ka yi da su?"

Nan na yi murmushi, don ina da amsa. A ordinatarmu akwai wani nau'in rubutu da aka ƙera don littattafan Hausa. Sai ka buga k ɗinka, ka zaɓe shi, ka canza masa nau'i, nan take ya fid da ƙugiya. Lojisiyal ɗin faifai yana yin wannan da dannawa biyu. Shi ya sa ma na fi son sa.

Malam ya girgiza kai. "Ƙugiyar ga cikin ordinatarka take zaune, ba ta bin shafi. Wanda ya buɗa shi wani wuri, k zai gani tsirara. Ka ɗauki mai wuyar, in koya maka cikin sati biyu. Ka sa ɗan waƙafi bisa bayan harafin. Bai da kyan gani, amma ba shi faɗuwa."

Na ce waƙafin nan ai kamar kashin ƙuda ne a kan takarda. Na ce, "Malam, zamani ya wuce nan." A zuciyata kuwa cewa na yi hassada ce, ya ga yaro zai sha gabansa. Bai ja da ni ba. Ya raka ni har bakin babur, ya ce in gaida gida.

Sati uku na yi a kan shafin. Na shimfiɗa masa kore, na ɗora hoton Inna can sama, a ƙarƙashinta kuma sunan ƙungiya shi kaɗai, manyan haruffa jajaye suna ƙiftawa. Bayanin duwatsu da itatuwa sai ka gangara ƙasa. Mai gidana ya gani ya tafa. Na kwashe komai a disket uku, ƙananan faifan ajiya, na shiga mota sai Yamai, don a can ne kawai ake iya ɗora shafi.

Mai ɗorawar Bazabarme ne, Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba. Ya gama, ya buɗe shafin a tasa ordinatar, ya juyo mani da ita in gani. Ga Inna tsaye da zanenta na fita. A ƙarƙashinta, ja wur, yana ɓacewa yana dawowa: KARUWA.

Innalillahi.

To a nan ne abin kunyar yake, don kuskure kowa na yi. Ni na gani. Da idona na gani. Mutumin ya lura da fuskata, ya ce ko akwai gyara, ya buɗe mani cikin shafin. Alamomi ne cunkus, irin waɗanda Malam ya ce zai koya mani, ban gane ko layi ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne in ce masa ban iya ba, in fassara masa kalmar, in roƙe shi ya cire ta. Minti biyar ya isa. Amma akwai mutane a bayana suna jiran layi, ɗazu-ɗazu kuma na gama gaya masa ni ne na farko da ya gina shafi a duk Adar. Sai na ce masa da Faransanci komai ya yi daidai. A mota ina ta lallashin kaina cewa Turawa ne kawai za su buɗe, su kuwa ina ruwansu da ƙugiya.

Ashe Inna tana da ɗa yana karatu a Yamai. Ta aika masa da saƙo cewa sun shiga Intanet. Bawan Allah ya tara abokansa, Hausawan Maraɗi da na Tawa, har da ƴan garinsu biyu, ya kai su inda ake biya a buɗe, don su ga uwarsa.

Bayan kamar wata biyu suka shigo ofis, ɗan a gaba Inna a baya. Ya buga takarda a kan teburina, shafin ne ya sa aka fitar masa.

"Kai ka yi wannan?"

Kun san abin da na yi? Na tada ordinatata, na juya masa ita, na nuna masa ƙugiyar tana nan daram. Na ce laifin injunan Yamai ne.

"Duniya Madawa za ta zo ta duba taka?" ya daka mani tsawa. Ya ce labari ya riga shi isa ƙauye. Ƙanen ubansa ya tara mutane ya ce ga abin da suka daɗe suna faɗi, yau har Turawa sun rubuta. Maza biyu sun hana matansu zuwa wurin duwatsu. A bakin rijiya in uwarsa ta iso sai a yi shiru.

Duk wannan Inna na zaune a kan benci. Ta rame. Can ta ce, "Ɗana, ara mani bik."

Na miƙa mata. Ta jawo takardar ta ɗora a gwiwa, ta kama alƙalamin kamar mai riƙe allura, a hankali ta lanƙwasa kan K ɗin. Ta daɗe tana yi.

"A karatun manya anka koya muna," ta ce. "Mai koya muna ya ce in ka bar ta, ka sake magana." Ta duba aikinta, ta ɗago kai. "To, wagga ta gyaru. Sauran guda nawa ne? Kai ni inda suke in sa musu."

Ɗanta ya juya baya yana share ido.

Washegari na koma wurin Malam ba faifai a hannuna. Bai tuna mani da komai ba, ya ja mani kujera. Kwana tara aka yi kafin in sake isa Yamai a gyara shafin, da waƙafinsa. Amma kafin damina ta faɗi Inna ta ajiye shugabanci, ta daina zuwa taro, wata aka naɗa. Duk lokacin da wani ɗan ƙauyensu ya shigo Madawa sai ta aiko a gaishe ni, a ce kada in damu, ta san injin ne ya cuce mu mu duka. Har ta rasu ban gaya mata na ga kalmar tun a Yamai ba.