Ranar da Ndinga ya ruga cikin ƙudan zuma

Ni da Ndinga tare muka girma a ƙauyenmu kusa da Meiganga, tare kuma muke ɗiban zuma. Ni na fi shi iya hawan itace, shi kuwa kunne gare shi. Idan tsuntsun nan mai kai mutum wurin zuma ya yi kuka, ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya juya ya bi.

Wata safiya ya tashi da jiri, bakinsa ya ɗan karkace. Da ya ji sauƙi ya ce mu koma daji.

Muna tafe tsuntsun ya yi kuka a hagunmu, dab da mu. Ndinga ya tsaya, ya waiga dama, ya waiga baya.

"Zaoro, ina yake?"

"Kai dai ka cika iskanci," na ce, ina dariya.

Ba wasa yake ba. Zufa ce ke zuba a fuskarsa.

Duk da haka muka sami itacen. Na hau, reshe ya karye da ni, ƙudan suka taso gaba ɗaya. Na yi ihu, "Gudu!" Ya ji rugugin, ya zura da gudu, amma cikinsu ya nufa kai tsaye. Ina kwance a ƙasa ina kallo, bakina a buɗe. Da ƙyar na jawo shi zuwa rafi, idanunsa sun kumbura sun rufe.

A Ngaoundéré likita ta gwada shi, ta ce kunnuwansa lafiya lau.

"To me ya same ni?"

Ta ce sauti yakan riga isa kunnen da ya fi kusa da shi. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin da ke danne saƙon ɗaya kunnen, a haka mutum ke gane gefen da abu yake. Ciwon nan da ya karkatar masa da baki ne ya taɓa wurin.

Ndinga ya dube ta. Can ya ce, "Ke ma ina jin ki, amma kamar a tsakiyar kaina kike magana."

Bai sake shiga daji ba. Amya yake saƙawa a gida, ni nake ratayawa. Matarsa Yassi ce ta fara kiransa da cewa, "Ndinga, ina ƙofar ɗaki, tuwon rogo ya nuna!" Yanzu duk ƙauyen haka ake yi masa, kowa sai ya faɗi inda yake tsaye kafin ya gaishe shi.