Na'ibancin da Na Rasa Saboda Ƙwallon Holan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya san abin da ƙiraza suke ɓoyewa, wanda shaidar zur ba ta karɓuwa a gabanSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya mai girma edita, ni dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, kuma ina so in ba masu karatu labarin wata jarrabawa da ta same ni ina da sauran ƙarfi. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, bayan babban farin da ya ƙarar da shanun Fulaninmu, ni matashin malami ne a wani gari tsakanin Kankiya da Kusada. Ba zan ambaci sunansa ba, domin jikokin waɗanda zan yi magana a kansu suna nan da ransu. Na sauke Alƙur'ani, na karanci fiƙihu da nahawu da lugga a gaban Limamin garin, wanda ya riƙe ni tamkar ɗan cikinsa. Da ganinsa ya fara rauni sai ya riƙa tura ni gaban sahu, har kowa ya san rawanin na'ibi nawa ne, kafin azumi mai zuwa za a naɗa mini. Ba zan ɓoye muku ba, ina son rawanin nan ƙwarai da gaske.

A wannan lokaci ne aka turo mana wani Bature ɗan ƙasar Holan da injin haƙa rijiyar burtsatse. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ya taɓa aiki a wajen Maraɗi, don haka yana da 'yar Hausarsa mai karaya. Aka ba shi fili daf da dangar gidana ya kafa ɗakinsa na kwano, ya zama ba ni da maƙwabcin da ya fi shi kusa. Mukan gaisa da safe, wani lokaci ya tambaye ni ma'anar wata kalma in gaya masa, iyakarmu ke nan. Sai wata rana direbansa ya shaida mini cewa mahaifin Baturen ya rasu, kuma labarin bai iske shi ba sai bayan an binne. Na leƙa na same shi zaune shi kaɗai a kan akwatin ƙarfe. A garinmu ko akuyar mutum ta mutu ana zuwa yi masa jaje, amma ga mutum ya rasa uba, babu ko tabarma ɗaya a ƙofarsa. Na san malamai sun yi magana a kan yi wa wanda ba musulmi ba ta'aziyya, na kuma san abin da suka ce game da maƙwabci: ko addininku bai zo ɗaya ba yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka. Na koma gida na ɗauko tabarmata na shimfiɗa, na ba shi haƙuri da lafazin da ya halatta, na zauna.

A zaman nan ne ya ba ni labarin mahaifinsa. Ya ce a ɗan ƙaramin garinsu akwai kulob ɗin ƙwallo, tun yana yaro uban yake saɓa shi a kafaɗa su je kallo duk ranar Lahadi, kuma tunda ya zo ƙasarmu, in ya kunna rediyon ƙasarsu ranar Lahadi bayan azahar, ya san shi ma tsohon yana can yana saurare. Ya ce yanzu bai san yadda zai kunna ta shi kaɗai ba. Na ce masa ya kunna, zan zo in zauna. Haka muka fara. Ban jin ko kalma ɗaya ta harshensu, sai dai ihun mai ba da labari, shi kuwa yana fassara mini. Da haka na fahimci gasa biyu suke yi a shekara. Ɗaya ita ce lig, mai kama da noma, ana tara maki kaɗan-kaɗan tun daga ƙarshen daminarmu har bazara, waɗanda suka zo na ƙarshe a koro su rukunin ƙasa. Ɗayar ita ce ta kofi, mai kama da kokawar dandali, wanda aka kayar ya kakkaɓe jiki ya tafi gida. Kulob ɗin nasa kuwa a lokacin yana can gindin lig, mai tsaron ragarsu ya karye, kowa ya zo sai ya zuba musu. Ban taɓa jin ƙarshen wasa ba, domin la'asar takan tashe ni in tafi masallaci, sai na dawo in karanta sakamakon a fuskarsa.

To, cikin ikon Allah, daga wajen tsakiyar rani sai al'amarinsu ya juya. Suka ɗauko wani sabon mai koyarwa, suka daina shan kashi, yau su yi kunnen doki gobe su ci. A gasar kofi kuma suka kayar da wani babban kulob na birni da ake tsoro, suka yi ta haurawa. Baturen ya fara dariya bayan ya daɗe bai yi ba. Cikin raha ya ce wa leburorinsa tunda Malam ya fara zama kusa da rediyo ba a ƙara cin su ba. Wasa ya yi, amma maganar ba ta kwana a wurin haƙa ba. Kafin kasuwar Kunduru ta sake ci, an ce ina yi wa ƙwallon Nasara rubutu, Baturen yana wanke allon yana yayyafa wa rediyo. Wani ya rantse ya ga laya ɗaure a jikin eriya. Wata mai nono ta tambayi maiɗakina ko gaskiya ne addu'ar Malam tana ƙetare teku.

Na ɗauka shirme ne da zai wuce, sai ga samarin garinmu masu buga ƙwallo sun yi mini sallama, da goro da zakara. Suna da wasa da samarin Kusada, suna so in ba su abin da za su binne a bakin raga. Na ce musu ban taɓa yi ba, ba kuma zan fara ba, su je su yi ta gudu da safe kamar yadda na ji 'yan Holan suna yi. Babbansu ya ce, Allah shi gafarta Malam, ai ba za mu gaya wa kowa ba. Na mayar musu da zakaransu. Suka je Kusada aka lallasa su, suka dawo suna cewa Malam ya ba arna asiri ya hana 'ya'yan musulmi. Wannan maganar ita ce ta yi mini illa, domin ta shiga zukatan iyayensu. Na fara lura in na shiga gaban sahu wasu dattawa sukan ja da baya su jira a idar su yi tasu. In na wuce majalisa sai in ji ana tambaya ƙasa-ƙasa, yau nawa da nawa ne, Malam ya ci ko an ci shi.

Liman ya aiko aka kira ni. Ya sa aka fita aka bar mu mu biyu, ya kama hannuna ya ce ya san ni tun ban iya tsarki ba, ya san ban yi abin da ake faɗa ba. Amma ya ce jama'a ba sa bin wanda suke zunɗe, kuma shi ba zai naɗa rawani a kan da ake yi wa dariya ba. Abin da yake so, ranar Juma'a bayan an sallame in miƙe in ce na tuba, in kuma yi alkawarin ba zan sake taka ƙofar Baturen ba. Na durƙusa na ce, Allah shi gafarta Malam, shi da kansa ya karantar da ni cewa sharaɗin tuba shi ne nadama a kan laifin da aka aikata, to a kan wane laifi zan yi nadama? In na ce na tuba, na tabbatar wa gari cewa na yi rubutun, na zama mai shaidar zur a kan kaina a cikin ɗakin Allah. Na ce in yana so zan miƙe in rantse ban yi ba. Ya ce rantsuwa ba za ta kashe wutar ba, tuba mutane suke son ji. Sannan ya ce, ɗana, kalma ɗaya ce fa, ka faɗa ka wuce, wa zai tuna da ita bayan salla? Na ce ni zan tuna da ita duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi kabbara. Ya saki hannuna.

A makon nan kulob ɗin ya tsira daga faɗawa ƙasa da ƙyar, da ƙwallo ɗaya da suka ci ana dab da tashi, kuma ga shi sun kai wasan ƙarshe na kofi, abin da ba su taɓa yi ba tun kafin a haifi mahaifin Baturen. Amma shi bai zo mini da murna ba. Direbansa ya kwashe labarin duka ya gaya masa. Ya tsaya a bakin dangata, hularsa a hannu, ya ce bakinsa ne ya jawo, kada in ƙara zuwa, shi zai je ya yi wa Liman bayani. Na ce masa ya bar shi, maganar ta wuce kansa. In na daina zuwa don an yi mini ƙarya, to ƙarya ce ta zama limamin garin, gobe kuma ita za ta gaya mini wanda zan gaisar da wanda zan ƙaurace wa.

Ranar Juma'a na miƙe bayan an sallame. Na ce ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya don ƙwallo ba, Allah ne shaida. Na ce mutumin nan maƙwabcina ne, ubansa ya mutu, ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma, alhali ruwan da muka yi alwala da shi yau daga rijiyarsa aka ɗebo. Na ce ba zan tuba daga abin da ban yi ba, ba kuma zan bar abin da shari'a ta yarje mini don tsoron baki ba. Sai wani daga baya ya ce to Allah shi ba Holan sa'a. Wasu suka yi dariya. Liman bai ɗago kansa ba.

Ranar wasan ƙarshe na sa farar rigata, na zaga ta tsakiyar gari da rana tsaka sannan na shiga wurin maƙwabcin nawa, don kada a ce na saci jiki. 'Yan kulob ɗinsa ne suka fara ci, Baturen ya yi tsalle har kansa ya bugi kwano. Kafin a tafi hutu aka rama. Na tashi na tafi la'asar, na yi sallata a sahun baya, domin an riga an tura wani gaba. Da na dawo na same shi ya kashe rediyo, ya haɗa kai da gwiwa. An ƙara musu biyu. Ya ce ba kofin ne ya dame shi ba, tsohon ne da ya yi rayuwarsa duka yana jiran wannan rana, saura kaɗan ya gan ta sai mutuwa ta ɗauke shi. Na zauna tare da shi har rana ta yi sanyi.

Na yi zaton tunda an ci su, ƙaryar za ta mutu da kanta. Washegari sai na ji ana cewa asirin Malam ya karye, ruwan teku ya wanke rubutun. A nan na gane cewa da sun ci kofin da an ce aikina ne, da aka ci su an ce aikina ne ya lalace, babu sakamakon da zai wanke ni a wurin wanda ya riga ya yanke hukunci. Kafin azumi aka naɗa wa wani rawanin. Abin da ya fi ci mini rai ba shi ba ne. Na ci gaba da zuwa gaida Liman kowace safiya yana amsawa, amma bai ƙara miƙo mini littafi ya ce in ja baƙi ba har Allah Ya karɓi ransa. Wannan ciwon yana nan tare da ni, kuma ina roƙa masa gafara a kowace salla, domin abin da ya nema zaman lafiyar jama'arsa ne. Baturen ya gama rijiyoyinsa ya koma ƙasarsu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ni kuma na kwashe iyalina na koma wajen Bauranya, na kafa zaure na karantar har ƙarfina ya ƙare. Ban taɓa hawa mumbari ba.

An sha tambayata ko ina da-na-sani. Ina baƙin cikin abin da na rasa, amma da za a mayar da ni Juma'ar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Ina kira ga 'yan'uwana malamai, musamman masu tasowa: kada ku sayi muƙami da tuban ƙarya, domin wanda ya durƙusa wa jita-jita sau ɗaya ba za ta sake barinsa ya miƙe ba. Ku kuma jama'a, ku ji tsoron Allah a kan harsunanku, ku binciki labari kafin ku ɗauka, ku sani maganar da kuka yi don a yi dariya a majalisa tana iya raba ɗalibi da malaminsa har kabari. Samarinmu masu cika gidajen kallo, ban ce ƙwallo haramun ce ba, amma ku tashi in an kira salla, ku kuma daina ɗora wa malamai abin da yake aikin ƙafafunku ne.

Allah Ya kare ku daga ƙazafi, Ya kare mutane daga harsunanku, Ya ba ku maƙwabtan da za su zauna tare da ku ranar da kuka rasa naku. Allah Ya sa albarka a gidajenku da zuriyarku, Ya sa mu cika da imani. Amin.